Wutar Sama da Irin Cittata

Zakara bai gama cara ba muka bar Kwoi, ni da wata ƙawata ta zumuntar mata, mun nufi Kafanchan. Bakina ne ya jawo tafiyar.

Jikata tana karatun taurari a jami'a. Ta taɓa gaya mini a waya cewa tana binciken wata iska mai zafi da ta kewaye garken taurari. Ni kuwa kun san ni da labari. Kafin ya kai kasuwa na ƙara masa gishiri, iska ta zama wuta. Da citta ta ruɓe mana bara, sai mata suka ce wutar jikata ce ke saukowa. Ga ruwa ya faɗi, ga iri a ɗaki, mu mata biyar mun ƙi shuka. Ni ma da na ƙirƙiro wutar, tsoro ya kama ni.

Kuɗin mota ya hau har na tambayi direba ko da abinci a ciki. Hanya rami bayan rami, amma ciyawa ta yi kore shar, mutane duk suna gona. Mu kaɗai muka yi kwalliya ranar aiki. A tasha muka ci soyayyar doya da yaji, ƙawata ta ce man ya kwana.

Mun sami jikar tawa a gidan gwaggonta, inda ta zo hutu. Ban ko ajiye jaka ba na ce, "Ke 'yar nan, wutar taku yaushe za ta iso?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Kaka, wa ya ce miki wuta?"

Na ce mutane ne.

Ta buɗe kwamfuta. Ga taurari suna juyawa kamar kunu a tukunya, wani ja-ja ya lulluɓe su. Ta ce wannan ita da abokan karatunta suka gina da lissafi, sai su gwada shi da hoton da na'urar hangen nesa ta ɗauko, in bai yi daidai ba su sake. Iskar ta fi garwashi zafi nesa ba kusa ba, amma ba ta da kauri ko kaɗan, ko ruwan shayi ba za ta ɗumama ba. Tana can tun ba a haifi kakar kakata ba. In ta huce ma, da ita ake samun sababbin taurari.

"To cittar fa?"

"Ciwo ne a ƙasa da iri, Kaka. Ku ga malamin gona, ku canza fili."

Wallahi sai a lokacin na ji yunwa. Na cinye tuwon acca malmala biyu.

Da yamma muka dawo. Ban shiga gida ba sai da na bi matan nan ƙofa ƙofa na warware abin da na ƙulla. Na koyi cewa labarin yaran nan a ba da shi yadda ya zo, gishirinsa ya ishe shi. Jiya muka shuka a sabon fili, muka rufe da ciyawa. Jikata dai, har gobe, babu kamarta a Kwoi.