Ladan gyaran arbarakam

Wallahi har yanzu dariya nake! Yau jar motar ƙanena, 'yar tseren nan mai kujera biyu, ta zagaya kasuwar Filinge da wata tsohuwa a gaba, ta dafe ɗankwali da hannu.

Daga Yamai ya zo suna da motar, sai ta mace mana. Makanike Idi ya buɗe inji, ya ce arbarakam ne ya cinye, wani dogon ƙarfe a ciki, sai an canza. Ga shi albashin yaron bai taka kara ya karya ba.

Na ce, "Malam Idi, kwana nawa? Kuɗin hannu fa?"

Ya ce, "Ku sawo ƙarfen, ku ba ni zuwa ran kasuwa. Kuɗin hannu kau ban so. Tun zamanin soja nike kwance motocin mutane, Innata ba ta taɓa ganina bisa tuƙi ba. In ta tashi, ni da ita za mu fara ɗanawa."

Ta kuwa tashi! Yana lallaɓa ta cikin jama'a, sai muka ji muryar Innar tasa ta taga: "Idi, taka ta mana! Ko jakina ya fi haka!"

Jama'a, wa ya taɓa biyan lada mai daɗin wannan?