Dattijon da Ke Neman Duhu

A shagon kayan hoto, wani dattijo mai ɗaukar hoto ya zura hannuwansa har gwiwa cikin wani baƙin tanti, ɗan ƙarami kamar akurkin kaji. A cikinsa ake warware fim a lalube, don ko ɗigon haske ya taɓa shi, hotunan sun tafi ke nan. Kafaɗunsa a rankwafe, idonsa a rufe, yana ta lalube kamar mai neman nama a miyar gidan rowa.

Wannan ne tanti na huɗu, kuma murmushin mai shago ya ƙare tun a na biyu.

"Baba, duhu dai duhu ne. Ko so kake in kashe maka rana?"

"Ɗan nan, tantin da ya cinye min fim bara ma haka aka ce da ni."

Ya kunna tocila ya jefa ciki, ya ja zif, ya lulluɓe kansa tare da tantin a cikin babbar rigarsa, yana bin ɗinkin da ido. A wata kusurwa haske ya leƙo, bai kai kan allura ba. Ya ture tantin, ya sauke numfashi.

Daga aljihun ƙirji ya ciro fim guda naɗe a hankici, ya dube shi, ya mayar. Da gani ya daɗe yana yawo da shi, tsoron buɗewa yake.

"Na biki ne?" in ji mai shago.

"Na marigayiya uwar 'ya'yana ne. Ba za ta sake tsaya min ba." Ya miƙa hannu. "Ɗauko na biyar."