Kwanon da Aka Ware Mini

Wani ɗan garinmu ya ce na bar Musulunci, mutane kuma suka yarda da shi. Abin da aka yi mini ke nan a Doha, ni da furfura ta fito mini ban taɓa wasa da salla ba.

Ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba. Kamfanin da ke kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya haɗa ni da wani tsohon Bature, malamin piyano, ɗan Katolika, mazaunin Madinat Khalifa. Ran Juma'a da safe in kai shi cocinsu a bayan gari, in dawo in tafi tawa Juma'ar. A mota kullum abu ɗaya yake sawa, taron muryoyi maza da mata, su tashi tare su sauka tare. Da farko ciwon kai yake sa ni. Shi ya gaya mini cewa masu tsara wannan kiɗa tun zamanin da, da yawansu a coci suka tashi, a can suka ci abinci. Kalmomin ba nasu ba ne, addu'o'in ibadarsu ne da Latin, kowa ya ɗora musu nasa sautin gwargwadon tsoron Allahn da ke ransa. Wani ya roƙi jinƙai a hankali, wani ya roƙa kamar an biyo shi da wuƙa.

Da mahaifiyata ta rasu kamfani bai ba ni hutu ba. Ana binne ta ina riƙe da sitiyari. Tsohon ya ga fuskata, na gaya masa. Sai ya canja faifai, ya ce wannan na mamata ne, ana roƙa musu hutu da haske, a tsakiya kuma akwai ranar hisabi. Da ƙahoni suka tashi na gane wurin, ba sai an fassara mini ba. Na tsaya a gefen titi na yi kukan da na kasa yi a ɗakinmu saboda idon mutane. Addu'a kuwa irin tamu na yi mata. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini faifan.

Shi wannan ɗan garin namu gadi yake yi a wani kanti a Al Mirqab. Rannan na rage masa hanya, faifan yana ci.

"Malam, yau kuma me muke ji haka?" in ji shi.

Na ce na coci ne, na ba shi labarin duka. Ya ce Allah ya jiƙan Inna. Ashe wayarsa tana ɗauka. Kafin magariba bidiyon ya shiga guruf ɗin 'yan garinmu, da rubutu a ƙasa wai a taya ɗan'uwa da addu'a. Matata ta kira daga gida tana kuka, 'yan'uwanta sun ce ta kwaso yara ta dawo gidan iyayenta.

Mu 'yan garinmu muna da al'ada a unguwar Al Asmakh, in an sauko daga Juma'a mu taru a ɗaki ɗaya, a juye shinkafa a babban tire kowa ya sa hannu. Juma'ar da ta biyo baya na wanke hannu na zauna, sai aka miƙo mini tawa a kwano daban, har da cokali. Babu wanda ya tambaye ni komai. Mutanen da ɗazu muka tsaya sahu tare.

"Yalla, ci mana Malam, ai ba wani abu," in ji mai gadin nan, yana cusa loma.

Na tashi na dire kwanon a gabansa. Na ce, "Baturen da kake kira kafiri, ran da uwata ta mutu ya zauna da ni a gefen titi har na gama kuka. Kai na ba ka labarin mutuwarta, ka ɗauke ni bidiyo. Faifan yana mota, gobe ma zan sa. Ka kira matata yanzu, a gaban mutanen nan, ka gaya mata kafaɗar wa ke jikin taka a masallaci yau. In ba za ka iya ba, riƙe kwanon, kai ya dace da shi. Khalas, magana ta ƙare."