Tsagar da Magini Ya Yi wa Bangonsa

Shekara arba'in da biyu ya yi yana ɗora bulo a kan bulo, har sunansa na asali ya ɓata, kowa a layinsu Magini yake ce masa. Mutum ne mai wuyar sha'ani a wurin aiki. In lebura ya rage siminti a kwaɓi, daga launi yake ganewa, ya sa a zubar. In layi ya karkace ko da faɗin farce ne, sai an rushe, ko da mai gida zai yi ta ƙunƙuni. Ya sha rasa kwangila saboda wannan hali, bai kuma taɓa yin da-na-sani ba.

Gidansa da hannunsa ya gina shi, ɗaki uku da falo, a ranakun hutu, cikin shekara tara. Ba wani ado, amma ko ruwan kwana uku aka yi, ɗigo ɗaya ba ya shiga. Da gwiwoyi suka ƙi hawa tsani ya ajiye cokalin gini, ya koma kujerarsa ta tsakar gida. 'Yarsa ta fari, malamar makaranta, ita ta ɗauki nauyinsa.

Kwatsam sai ga takarda daga ofishin haraji. An sake kimanta gidajen layin, nasa harajin an ninka shi. Dalilin ma an rubuta ƙarara, ko kunya babu: gini ne mai inganci, ba tsaga, ba yoyo. Maƙwabcinsa kuwa, wani tsohon direba da katangarsa ke tsaye da taimakon gungume biyu, ko sisi ba a ƙara masa ba.

Magini ya saka rigarsa ta fita ya tafi kai koke. Ya wuni a benci ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, kafin matar da ke taga ta turo masa fom. Ya ce mata shi tsoho ne, ya daina aiki, gidan nan kuma bai ƙaru da ko ƙusa ɗaya ba.

"Baba, babu gurbin wannan a fom," in ji ta, idonta na kan waya. "Abin da ke rage darajar gida za ka nuna. Tsaga, yoyo, danshi. Sai a turo jami'i ya gani."

Ya dawo layinsu bakinsa da ɗaci. Direba ya saurare shi, ya yi dariya har da tari. "Malam, kai ma ka faye gyara. Ɗauki guduma ka ɗan ji wa bangon ciwo mana. Kowa haka yake yi." Magini ya tofar da yawu, ya shige gida ko sallama bai yi masa ba.

Da 'yarsa ta ji shawarar direban, ba ta ce ya yi ba, ba ta kuma ce kada ya yi ba. Ta daɗe tana juya takardar a hannu, sannan ta ce, "Baba, albashina ba zai ɗauka ba. Sai dai mu sa gidan a kasuwa."

Washegari da hantsi ya fito da guduma da cizal. Abin takaici, ba wanda ya fi shi sanin yadda tsagar gaske take tafiya: daga kusurwar taga take tashi, ta gangara a karkace, tana bin mahaɗar bulo kamar matakala. Haka ya zana ta, haka ya bi ta. Bangon ya ƙi ba shi haɗin kai, don kwaɓin da ya yi masa ba na wasa ba ne. Kwana biyu ya yi yana sara, tafin hannunsa ya yi bororo. Da ya gama ya dama ƙasa da toka ya shafe ramin don ya yi kama da tsohon ciwo. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Jami'in ya zo bayan mako uku, wani mai tumbi da tef ɗin awo a aljihu. Ya ɗauki hoto, ya tura biro cikin tsagar, ya girgiza kai irin na wanda ya san gini, alhali ko bulo bai taɓa ɗagawa ba.

"Baba, wanda ya yi maka aikin nan ya cuce ka," in ji shi. "Maginan nan ba sa tsoron Allah, su cinye siminti su bar mutum da yashi. Dole in rubuta aikin banza ne, in ba haka ba ba za a rage ba. Ka yarda?"

'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa, kanta a sunkuye. Magini ya ce ya yarda, ya karɓi biron ya sa hannu a ƙarƙashin kalmomin.

An mayar masa da harajin yadda yake a da, gida ya tsira. A ƙasan takardar an ƙara cewa ana iya dawowa dubawa kowane lokaci, ba tare da sanarwa ba. Saboda haka rabin buhun simintin da ya tanada don toshe tsagar yana nan a bayan ƙofa, har ya daskare. Kujerarsa kuwa ya juya ta, yanzu bayansa yake ba bangon.