Sa Hannun Maƙwabta Biyu

Kwana uku ke nan yana zuwa biro ɗinmu, wato ofishin ba da izini, kullum ƙarfe tara. Dattijo ne siriri, rigarsa ta sha guga amma wuyanta ya koɗe. A ƙarshen benci yake zama, kuma ko an cika, akan bar wurin mutum ɗaya tsakaninsa da na kusa. Kowa ya san abin da ke cikin dosiyensa, wato fayil ɗin takardunsa: neman izinin sayar da giya a ɗakin cacar wani otel inda yake aiki. An sassauta ƙa'ida don kada baƙi su riƙa wucewa wasu garuruwa, sai dai ana son sa hannun maƙwabta biyu. Gurbin sa hannun nan fari fat yake. In bai cika ba, za a rufe ɗakin, aikinsa ya tafi.

Ina jin bai taɓa ko ɗanɗana giyar ba. Akwai tabon sujada a goshinsa.

Ana kiran azahar, ya miƙo mini dosiyen, ya kira ni da "Malam" na Faransanci.

"Mushe, ajiye mini. Ba na shiga masallaci da shi."

"Malam Nomau, maƙwabtan fa?"

"Suna amsa sallamata," in ji shi. "Iyakarta ke nan."