Izu Biyu da Alƙalamin Kanti

Taubashina malami ne a Mandera. Shekara tara yana rubuta izu sittin da hannunsa, saura izu biyu idonsa ya fara hazo, hannunsa kuma ya kama rawa. Rubutu yana iyawa a hankali. Fiƙe alƙalamin kara ne ya gagare shi, sau biyu wuƙa tana yanka masa yatsa, kuma ba ya yarda da fiƙin kowa.

Ni tela ne a kasuwar Boɗinga. Karatuna bai kai a ba da labari ba, ko awon riga a ka nake riƙewa. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da nake yi wa ɗinki ya ba ni alƙaluma uku masu bakin ƙarfe. Ya ce tawadarsu na ciki, ba a ƙara musu, in ta ƙare sai a yar. Ya nuna mini yadda ake riƙewa. Ranar Laraba na shiga motar Shagari, na kai wa malam.

Ya jujjuya ɗaya a kusa da idonsa. "Kai bawana, mi ne na wanga?"

"Allah gafarta malam, yau ni ka karantar da kai. Gyara zama."

"Duniya ta zo ƙarshe," in ji shi, amma ya gyara.

Na ce kada ya danna, ya ɗora kawai ya ja. Ya ja layi, baƙi siriri, ya tsaya yana kallo. Kafin ya kai kalma ta huɗu hannunsa ya tafi da kansa ya tsoma alƙalamin a kurtun tawada. Tawadarsa ta ƙaro ce da gawayi, nan take ta toshe bakin. Na biyun ma haka ya tafi washegari, ina zaune ina gani.

Saura ɗaya. Ban san inda ake sayar da su ba, ga idon malam kullum yana ƙara rufewa. Na ɗauke kurtun na sa tsakanin ƙafafuna.

"Maido min abina, ɓarawo."

"Sai ka gama."

Na rufe shago kwana goma sha ɗaya. Kowace hantsi muna zaure, inda haske ya fi faɗowa. Bayan kowace kalma uku hannun sai ya miƙa, ya taɓa tabarma inda babu komai, ya dawo. Da farko ina dariya. Daga baya na daina.

A shafin ƙarshe tawada ta fara disashewa, shi bai gani ba. Na rasa ko in faɗa masa. Ya tsaya ya ce, "Tela, tana fita?"

Na sunkuya na duba sosai. "Tana fita, malam. Ja a hankali."

Ya ja. Layi huɗu ne suka rage, ya ƙarasa su kafin azahar. Ya ajiye alƙalamin, ya ɗora tafinsa a kan takardar, ya daɗe bai ɗaga ba.