Hannun da ke Hargitsa Min Gashi

Jiya na ɗora hannu a kan jikana, sai ya goce yana cewa, "Kaka, kar ka yi min sikata!" Da wannan kalmar Turanci yaran Kaduna ke nufin hargitsa abu. Nan take nawa kakan ya faɗo min a rai.

A Nasarawa muke zaune a shekarun tamanin. Kowace Lahadi Mama takan shafa min man kaɗanya, ta taje gashina da matajin katako har sai na yi hawaye, ya tashi zagaye kamar ƙwarya. Kakan nawa kuwa, Baba tsoho, yana bakin ƙofa yana ɓare lemo. Ina zuwa wucewa sai ya nutsa yatsunsa masu ƙanshin ɓawo cikin gashin, ya watsa komai.

"Haba Baba! Kullum sai ka yi masa sikata?" in ji Mama.

"Coci zai je, ba ɗaukar hoto ba," yakan ce yana dariya.

Haushi nake ji ƙwarai, har ta bayan gida nakan zagaya.

Lahadinsa ta ƙarshe yana kwance, hannu ba ya ɗaguwa. Mama ta taje ni tsaf, ta kai ni gabansa. Ya daɗe yana kallon kaina. Sai ita da kanta ta ɗauki hannun, ta juya shi cikin gashin.

"Yi masa sikata, Baba," ta ce.

Haka na je coci, ban bari kowa ya gyara min ba.

Yau kaina sanƙo ne, Baba, amma gurbin yatsunka na nan. Allah ya hutar da wannan hannu.